Jigon Kitsen Rogo da Halin Samarin Bagudo a Yau

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin auna jigon littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, da halin da samarin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi suke ciki. Manufarmu ita ce mu ga ko maganin da littafin ya bayar ya dace da cutar.

Jigon Littafin

Manazarta sun yarda cewa babban jigon littafin gargaɗi ne ga saurayin da ya bar ƙauye da noma ya tafi birni, yana zaton can arziki yake. Sunan littafin ma ya nuna haka, wato abin da ake hange da kyau amma ba shi da maiƙo. An rubuta shi a zamanin kuɗin man fetur, lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na 1976. A ganinmu, raunin wannan jigo shi ne ya ɗora laifi a kan kwaɗayin saurayi, bai tsaya sosai a kan abin da ya kore shi daga gona ba.

Misalin Bagudo

Saurayin Bagudo ba sai ya je birni ba. Ga fadamar Kogin Kwara mai shinkafa a gabansa, ga kuma iyakar Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Lolo. Shekara da shekaru jarkar fetur a bayan babur ta fi buhun shanshera saurin kawo kuɗi, domin man Nijeriya ya fi na Benin araha. Wanda ya zaɓi fasa-ƙwauri lissafi ya yi, ko da yake lissafin ya saɓa wa doka.

A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, samari da dama suka koma fadama. Sai aka rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke kusa da iyaka, har na injin ban-ruwa ya yi wuya. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar. Da aka janye tallafin mai a Mayu 2023, ribar jarka ta ragu, amma tsadar noman rani ta ƙaru. Ke nan saurayin da ya bi shawarar littafin ya zauna gida, shi ma bai tsira ba.

Kammalawa

Ba mu rage wa Ɗangambo daraja ba, domin ya faɗi gaskiyar zamaninsa. Abin da muke cewa shi ne, wa'azi kaɗai ba ya riƙe saurayi a gona, sai yana da fili, da ruwa mai araha, da kasuwar da ba a rufe ta dare ɗaya. Muna kira ga marubutanmu da su kai alƙalaminsu bakin iyaka, su ba mu labarin wannan saurayi daga bakinsa.