Nozick da Gonar Inabin Nabot

A 1974 Robert Nozick, malamin falsafa a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya wallafa Anarchy, State, and Utopia. Hujjarsa ita ce mutum shi ke da kansa, saboda haka duk abin da ya samu ta guminsa, ta ciniki ko ta kyauta, nasa ne. Gwamnatin da ta yanki haraji daga ladan aikinsa domin ta ba wani, in ji shi, kusan aikin tilas ta sa shi.

Kada mai wa'azi ya yi saurin watsi da wannan. A 1 Sarakuna 21 ko sarki Ahab bai tsira da ƙwace gonar talaka ba.

Amma a lura da dalilin Nabot. Ya ƙi sayarwa ne domin gonar gādon kakanninsa ce, ba hajar kasuwa ba. Littafin Firistoci 25 ya ce ƙasa ta Ubangiji ce, sura 19 kuma ta umarci mai gona ya bar wa matalauci da baƙo kala. Wannan doka ce, ba sadakar ganin dama ba.

John Locke, wanda Nozick ya ɗora gininsa a kansa, ya kafa haƙƙin mutum bisa kasancewarsa halittar Allah. Nozick ya riƙe haƙƙin, amma bai nuna inda ya samo shi ba.