Abota da Amana: Nazarin Fim ɗin The Social Network daga Damargu

A shekarar 2010 David Fincher ya fito da fim ɗin The Social Network, wanda Aaron Sorkin ya rubuta bisa littafin Ben Mezrich. Fim ɗin ya ba da labarin yadda Mark Zuckerberg ya kafa Facebook a jami'ar Harvard ta Amurka a 2004, da kuɗin amininsa Eduardo Saverin. An gina shi kan ƙararraki biyu, ta tagwayen Winklevoss da ta Saverin kansa, don haka mai kallo yakan ga tsofaffin abokai zaune fuska da fuska, kowa da lauyoyinsa, kafin ya san musabbabin ɓatawarsu.

A nan ƙarfin fim ɗin yake. Wanda ya ƙirƙiro hanyar tara abokai ya ƙare ba shi da amini ko ɗaya, bayan an zaftare kason Saverin ta hanyar takardun da ya sa wa hannu bisa yarda. Ɗan Tanut ko Belbeji ba ya buƙatar tafinta kafin ya kira wannan da sunansa: cin amana. Damargu ƙasa ce da ta daɗe tana rayuwa kan yarda tsakanin manoman hatsi, makiyaya da ayarin Abzinawa masu bi ta nan zuwa Kano. A al'adar habbanaye ta Fulani, mutum yakan ba amininsa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar, ba takarda ba lauya. A can dukiya ta raba abokai. A nan da ita ake ƙulla abota.

Sai dai fim ɗin yana da raunin da ya kamata malamai su lura da shi. Na farko, Erica Albright, budurwar da aka ɗora wa dalilin kafa shafin, ƙirƙirar marubuci ce, kuma sauran matan fim ɗin kusan ado ne kawai. Na biyu, ba a mai da hankali kan masu amfani da shafin ba, alhali a 2010 sun kai miliyan 500. Labarin masu kamfani ne, bai amsa tambayar da take damun iyaye ba: me salula ta yi wa zumunta?

Amsar a Damargu fuska biyu gare ta. Ɗan cin rani a Libiya ko Aljeriya yana aiko da saƙon murya ta WhatsApp, wadda Facebook ya saya a 2014, har uwar da ba ta yi karatu ba ta ji muryar ɗanta. Amma a fada, inda samari ke taruwa kan shayi, sau da yawa kowa ya duƙufa kan wayarsa. Ta'aziyya ta saƙo kuwa ba ta ɗaukar gawa, ba ta fita gayya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Saboda haka ƙungiyoyin al'adu da za su nuna fim ɗin kada su tsaya ga labarin dukiyar Zuckerberg. Su tambayi matasa: cikin ɗaruruwan abokan da ke wayarsu, nawa ne za su ba su aron hatsi a shekarar fari? Wannan muhawarar ita ce amfanin fim ɗin ga ɗan Damargu.