Ciyayya a Lokacin Hunturu: Ina Iyakar Gida?

A ƙauyuka da tsofaffin unguwannin ƙasar Hausa, magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai a cikin gida. Da an idar da sallar Magariba, a wasu wuraren kuma bayan Isha'i, kowane gida zai fito da akushinsa zuwa zauren wani dattijo ko ƙofar masallaci, maza su haɗu su ci tare. Wannan ita ce ciyayya. Ana yin ta duk shekara, amma ta fi armashi da hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Sanyi na kora mutane daga dandali zuwa cikin zaure, a hura wuta da kirare da karan dawa, a matso kusa da juna.

Akwai dalilin da ya fi sanyi ƙarfi. Hunturu na zuwa ne a bayan kaka. An girbe gero tun wajejen Satumba, an yanke dawa, an roro wake, rumbuna sun cika. A wannan ɗan tsakanin ne kusan kowa ke da abin fitarwa ba tare da jin kunya ba, har wanda gonarsa ba ta taka kara ta karya ba. Sabon da aka yi da juna a lokacin wadata shi ke amfani a watan Agusta, sa'ad da marka ta kankama, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Wanda aka saba ganin hannunsa a cikin akushi tun da ɗari, ba wanda zai tambaye shi me ya sa yau yaronsa bai kawo komai ba.

Tsarin cin ma an gina shi ne a kan rufin asiri. Yara ne ke kawo abincin, kowane akushi rufe da faifai, su jera a gefen tabarma. A zagaya da buta a wanke hannu. Babba ya jawo akushi ɗaya, ya buɗe, ya ce, "To, bismillah." Ba a cewa kowa ya ci na gidansa. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da man shanu daga gidan mai hali, da wanda miyarsa busasshiyar kuɓewa ce ba ko ƙashi, duk hannuwa ɗaya ke shiga cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. Kowa na cin gabansa, ƙarami ba ya kai hannu ga nama sai babba ya raba. In baƙo ya yi sallama, kafin a tambaye shi daga ina, sai a ce, "Malam, matso mana." Abin da ya rage na almajirai ne, ko a mayar cikin gida ya zama ɗumamen safe.

Masu nazarin zamantakewar Hausawa, irin su Polly Hill da ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma wallafa littafinta a 1972, sun mai da hankali kan gandu: uba da 'ya'yansa maza masu aure suna noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya. Ciyayya ta faɗaɗa wannan da'ira zuwa wajen katanga. A zauren da ake cin tuwo ake jin wanda ke kwance ba lafiya, a tsayar da ranar gayya, a sasanta rikicin iyakar gona, a fara shimfiɗa maganar aure. Addini ma ya ƙarfafa ta, domin hadisai ingantattu sun yi umarni da a ƙara ruwan miya don a ba maƙwabci, sun kuma nuna abincin mutum biyu na isar huɗu. Don haka gidan mutum, a wannan fahimta, ya kai duk inda za a lura in bai zo cin abinci ba, a aika yaro ya dubo shi.

Wannan ne ya sa 'yan cirani, waɗanda ke barin ƙauye daidai lokacin hunturu, ke ɗaukar al'adar su tafi da ita. A Sabo ta Ibadan, ko Zangon Kumasi, ko Nima ta birnin Accra, baƙo kan sauka hannun maigida ko fatoma, ya shiga cikin masu cin kwano ɗaya kafin ya samu ɗakin kansa. Samari 'yan gari ɗaya da ke ga-ruwa ko dako a Legas kan haɗa kuɗi su ɗora tukunya ɗaya.

Sai dai yabon ciyayya kaɗai ba adalci ba ne. Nauyinta a wuyan mata yake. Su ke surfe da daka da tuƙa tuwo cikin hayaƙi, amma ba sa zama a zauren. Mai ɗaukar girki ta san mazan unguwa za su ɗanɗana miyarta, kuma hukuncinsu zai dawo cikin gida, wani lokaci ya zama makamin gori tsakanin kishiyoyi. Sau da yawa tsoka mai kyau waje take fita don kare mutuncin maigida, yara da iyayensu mata su ci abin da ya saura. Su ma matan suna da tasu hanyar, ta aika kwano gidan maƙwabciya ko mai jego, kuma kwanon ba ya dawowa fanko, amma ba kasafai ake lissafa wannan ba in ana tarihin zumuncin unguwa.

Yau al'adar na ja da baya, kuma dalilan a fili suke. Sababbin gidajen birni ba su da zaure, sai ƙofar ƙarfe da falo. Ma'aikaci da ɗan kasuwa ba sa dawowa lokaci ɗaya. Tsadar abinci, musamman bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ta sa gidaje da yawa sun daina girkin dare kullum. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, tsoron 'yan bindiga ya hana zaman dare a waje. Teburin mai shayi ya gaji hirar, amma can kowa aljihunsa ke ciyar da shi, wanda ba shi da kuɗi kuwa zai gane haka a gaban jama'a.

Buɗe-bakin azumi a masallatai ya nuna mutane ba su manta yadda ake yi ba. Unguwar da ke son farfaɗo da ciyayya ba sai ta jira kullum ba. Daren Juma'a ɗaya a mako ya isa a fara, da sharaɗi biyu: kada a tambayi wanda ya zo hannu rabbana, kuma a tabbatar masu girkin da 'ya'yansu sun ƙoshi kafin akushi ya fita.