Kafin Ka Sayi Sitiyari Mai Tsada, Ba Wuyanka Aiki

Masu wasan tuƙin manyan motoci a kwamfuta sun shiga wani yayi na tara kaya. Duk wanda ya fara Euro Truck Simulator 2, wasan da kamfanin SCS Software na birnin Prag ya fitar a 2012, ko ƙanensa American Truck Simulator na 2016, burinsa na farko sitiyari ne. Daga nan sai abin taka birki da totur, sai sandar giya, sai akwatin maɓallai iri-iri. Ban ga laifin wannan ba. Amma a ganina an sa na baya a gaba. Abin da ya fi sauya wasan nan, har mutum ya ji da gaske yana cikin kan tirela, shi ne na'urar da ke bin motsin kai.

Dalili kuwa a fili yake. Tuƙin babbar mota aikin ido ne kafin ya zama aikin hannu. Direba zai iso mahaɗar hanya ya dubi hagu da dama, zai shiga shataletale yana leƙen madubi don ganin inda tayoyin baya suka bi, zai yi ribas zuwa wurin sauke kaya idonsa na yawo tsakanin madubai biyu. A tashoshinmu, karen mota ne ke tsayawa a baya yana buga bodi yana cewa "zo, zo, tsaya!" A cikin wasan ba ka da karen mota. Idan kuma duk juyowa sai ka saki sitiyari ka kama linzamin kwamfuta, to ka daina tuƙi ke nan, ka koma sarrafa kyamara.

Yadda abin yake aiki ba wani sirri ba ne. TrackIR, na kamfanin NaturalPoint da ke Amurka, wanda samfurinsa na biyar ya fito tun 2009, 'yar kyamara ce da ake ɗorawa a saman allo. Tana ganin hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani. Kai kuma za ka maƙala wani ɗan ƙarfe mai ɗigo uku masu mayar da haske a bakin hular hana-sallah, ko wani mai ƙwayayen fitila uku a gefen abin sauraro na kunne. Daga yadda ɗigo ukun nan ke matsowa da nisantar juna, manhaja ke lissafa motsi shida: waiwaye hagu da dama, ɗaga kai da sunkuyarwa, karkatarwa, sannan matsawa gefe, sama da ƙasa, gaba da baya. Akwai kuma Tobii na ƙasar Suwidin, mai bin ido da kai ba tare da ka sa komai a jiki ba.

Kuɗinsu dai ba na wasa ba ne, musamman ga wanda zai canza naira ko sefa zuwa dala. Shi ya sa nake jin haushin masu nuna wa sabon shiga cewa in ba TrackIR ba, to babu. Akwai OpenTrack, manhaja ta kyauta da masu sa kai suka gina. Da can mutane kan nemo tsohuwar kyamarar PlayStation 3, su cire mata gilashin da ke tare infared, su haɗa ƙwayayen fitila uku da hannunsu. Yanzu ma an wuce nan: OpenTrack na iya gane fuska da kyamarar kwamfuta ta yau da kullum, akwai kuma manhajojin waya irin su SmoothTrack da ke aika motsin kai zuwa kwamfuta. Ga mu masu zama a ƙasar rana ma wannan yana da wata fa'ida, domin hasken rana cike yake da infared, kuma taga buɗe a bayanka kan rikita kyamarar da ke neman ɗigo uku.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen saiti, kuma a nan nake son mai karatu ya dakata. Allo ba ya bin ka. Idan ka waiwaya sosai, ka daina ganinsa. Don haka manhajar ke ninka motsi: ka juya kai kaɗan, direban cikin wasa ya juya da yawa. Sabon shiga sai ya cika ninkin don ya ga abin mamaki, ya wayi gari ko numfashi ya ja sai duniya ta girgiza. Jim kaɗan jiri ya kama shi, ya cire na'urar ya ce ba ta da amfani. Na'urar lafiyarta ƙalau, gaggawa ce ta ɓata aikin.

Abin da ya dace shi ne ka bar ɗan fili a tsakiya inda ƙaramin motsi ba ya tasiri, don titi ya tsaya cak a gabanka a doguwar tafiya. Ninkin ya fara a hankali, ya ƙaru can wajen gefe, yadda za ka kai ga madubin dama ba tare da ka murɗe wuya ba. Karkatar kai ka rage ta ƙwarai ko ka kashe. Ka ware maɓalli ɗaya kusa da yatsanka na mayar da kallo tsakiya, domin zama yana sauyawa. Sannan ka haƙura na 'yan kwanaki, don ido ya saba da tsayawa kan allo alhali kai na juyawa.

Wasu na cewa gilashin VR, wanda ake sawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin wasan, ya riga ya kashe wannan fasaha. Ban yarda ba. Yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, yana rufe maka madannai da ɗakin da kake ciki, kuma a zafin watan Afrilu ba kowa ne zai jure shi a fuska na awa biyu ba.

Ba na cewa wasa zai mai da kowa direba. Nauyin kaya da fargabar ran mutane ba sa shiga allo. Amma ɗabi'ar duba madubi kafin sauya hannu, da leƙawa kafin shiga kwana, abu ne da jiki ke koya ta maimaici, kuma wannan na'ura na tilasta shi. Don haka, ɗan'uwa, in kana da kyamara ko waya a hannu, sauke OpenTrack ka gwada ribas a wurin ajiye kaya mafi matsi kafin ka biya kuɗin sitiyari.