Sarauniyar Lugu da Baba Mutuniyar Karo: Abin da ke Raya Tauraron Littafi

A shekara ta 1980 kamfanin L'Harmattan da ke birnin Paris ya buga Sarraounia, ƙagaggen labarin da Abdoulaye Mamani (1932-1993) ya rubuta da Faransanci a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Kafin littafin, sunanta bai yi nisa da ƙasar Arewa ba. Bayansa, Med Hondo ya mayar da labarin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, Sarauniya kuwa ta shiga bakin ƴan makaranta a Nijar baki ɗaya. Wannan nasara ta isa ta sa malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na Madawa, Buza da Keita, masu niyyar rubuta labaran magabatansu, su duba yadda aka gina ta.

Mamani ya dace inda ya ba ta ƙuruciya. Marainiya ce, Dawa abokin mahaifinta ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Mai karatu ba ya manta wannan nonon, domin abu ne da ido ke iya gani, kuma shi ke bayyana inda taurin zuciyarta ya samo asali. Sai dai da ta girma, marubucin ya ɗora ta bisa karagar kirari. Da wuya a ga ta yi shakka ko kuskure. Voulet, abokin gabarta, shi aka bari da haukan girman kai da ke ƙaruwa daga babi zuwa babi, har ya sa aka harbe Laftanar Kanar Klobb a ranar 14 ga Yuli, ya juya wa Faransa baya, sojojinsa suka kashe shi bayan kwana uku. Saboda haka azzalumin ya fi jarumar motsi a shafi, kuma wannan aibi ne a littafin da aka rubuta domin ɗaukaka ta.

Labarin Baba mutuniyar Karo ta ƙasar Zazzau ya bi wata hanya dabam. Mary Smith ta rubuta shi daga bakin tsohuwar tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a Landan a 1954. Baba ba ta ja runduna ba. Aure huɗu ta yi, ba ta haihu ba, ta reni ƴaƴan dangi, ta kuma faɗi ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa auren zumuncin da aka yi mata da farko ba ta son sa. Hare-haren masu kamun bayi da zuwan Turawa duk sun shigo labarin ta ƙofar gida, ta hanyar wanda aka sace da wanda aka fanso. Abin da ya raya ta shi ne an bar ta da harshenta da son zuciyarta.

Abubakar Imam ya san wannan tun 1934. Masu karatun Ruwan Bagaja sun fi riƙe Malam Zurƙe ɗan Muhamman da damfarar da suke yi wa juna shi da Alhaji Imam fiye da ruwan da aka fita nema.

Kayan aiki ba su yi ƙaranci a wannan yanki ba. Akwai manomin albasa na Sabon Gida da ke jiran farashi ya tashi alhali amfaninsa na ruɓewa a rudu, akwai matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984, shekarar fari. Haɗarin shi ne kunya da tsoron dangi, masu sa marubuci ya wanke kakansa tas har ya zama ba kowa. Wanda zai rubuta tsohuwar da ta ɗauki dutse, ya kamata ya tambaye ta abin da ta yi da awon hatsin da aka biya ta, wa ta ba, wa ta hana. Amsar ita ce za ta bambanta ta da sauran matan da suka yi aikin tare da ita.