Masu Karanta Tarihi a Jikin Ƙarfe

A watan Agustan 2021, a birnin Los Angeles na Amurka, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata tsohuwar libarba ƙirar Colt a kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Bindigar ba ta da wani adon ku zo ku gani. Abin da ya kai ta wannan farashi shi ne tabbacin cewa da ita Pat Garrett, sherif na gundumar Lincoln, ya harbe ƙasurgumin ɗan ta'addan nan Billy the Kid a Fort Sumner, daren 14 ga Yulin 1881. Samar da irin wannan tabbaci sana'a ce mai zaman kanta, kuma gwanayenta su ne masu tara bindigogin 'yan dokan yammacin Amurka. Burin kowane ɗayansu shi ne ya samu wadda ta haɗa abu biyu: zanen hannun gwani a jikinta, da sunan sanannen jami'i a tarihinta.

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san siffar wannan bindiga mai gangar harsashi shida. Samuel Colt ya yi rajistar ƙirar libarbarsa a 1836, daga baya kuma masana'antarsa ta kafu a Hartford. A 1873, bayan rasuwarsa, kamfanin ya fito da samfurin Single Action Army, wanda ya zama abokin tafiyar soja da makiyayi da ɗan doka da ɗan fashi baki ɗaya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙera ta, an yi kimanin 357,000, amma waɗanda suka bar masana'anta da zane a jikinsu ba su wuce kamar ɗaya cikin ɗari ba. A cikin wannan ɗan adadi, wadda ta shiga hannun sherif ko mashal ɗin da tarihi ya san sunansa sai an tona.

Matakin farko na gwaninta shi ne sanin hannun masu zane. Manyansu a wancan zamani daga Jamus suka samo asali. Gustave Young ya yi wa Colt aiki tun shekarun 1850, daga baya ya koma Smith & Wesson; an san shi da murɗaɗɗun rassa masu ƙarewa da kan dabba, da kan kyarkeci a jikin 'yar gudumar da ke dukan harsashi. Louis Nimschke ya zauna a New York yana aikin kansa, ya zana dubban bindigogi, kuma yana da al'adar shafa tawada a kan aikin da ya gama ya danna takarda don ya ajiye hotonsa. Wannan kundi nasa yana Gidan Tarihi na Metropolitan a yau, masu bincike na komawa gare shi don gwada zane da zane. Cuno Helfricht kuwa ya shugabanci masu zanen Colt kusan shekara 50, daga farkon shekarun 1870. Kayan aikinsu kurfi ne siriri da ƙaramar guduma. Mai zane zai kafa bakin kurfin a ƙarfe, yana bugu a hankali yana juya jikinsa tare da lanƙwasar reshe, sannan ya cike bayan zanen da ɗige-ɗige masu yawa domin ganyen ya fito fili.

Wannan salon aiki yana barin sawu, kuma sawun gwani ke nema. Zai sa safar hannu, ya kwantar da bindigar a kan ƙyalle mai laushi kusa da haske, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan kwana ɗaya ta zanen. Idan guduma da kurfi ne suka yanka ta, zai ga 'yan ƙananan matakai a jere cikin layin, kowane ɗaya shaidar bugu guda. Injin zane na zamani ya fi barin layi sumul. Daga nan sai ya dubi yadda zanen ya tsufa. A bakin bututu da gefen ganga, inda kube ya shekara yana goga, tsohon zane yakan dushe tare da ƙarfen da ke kewaye da shi. Idan kuwa ƙarfen ya ci duniya amma bakin yankan yana da kaifi, ko layi ya ratsa ta tsakiyar ramin da tsatsa ta ci, to zanen ya zo bayan tsatsar, wani ne ya ƙara shi don farashi ya hau. Sai ya juya ta ya duba lambar da aka buga a gangar jiki, da kariyar kunama, da ƙarfen mariƙi, ya tabbatar duk ɗaya ce, ba gutsattsarin bindigogi uku aka harhaɗa ba.

Bayan ƙarfe sai takarda. Kamfanin Colt ya adana littattafan fitar da kaya na wannan samfuri, kuma yana ba da wasiƙar shaida ga mai nema: girman harsashi, tsawon bututu, irin rufin da aka yi wa ƙarfen, ko an zana ta a masana'anta, ranar da aka tura ta, da wanda aka tura wa. Sai dai yawanci sunan babban dillali ake gani, irin su Hartley & Graham na New York. Shi ya sa bindigogin Bat Masterson, wanda aka zaɓa sherif na gundumar Ford a Kansas a 1877, suke da daraja ta daban: shi da kansa yake rubuta wa kamfanin. A wasiƙarsa ta Yulin 1885 daga Dodge City, ya nemi mai rufin nikel, mai saurin tashin kunama, da saitin gaba mai ɗan tsayi da kauri fiye da na kullum. Mai tarawa zai iya riƙe bindigar a hannu ɗaya, kwafin wasiƙar a ɗayan, ya gwada kowace siffa.

Inda masana'anta ta yi shiru, aikin yakan koma irin na malaman hadisi: wa ya karɓa daga wa, har a kai ga tushe, kuma gurbi ɗaya ya isa ya raunana riwaya. Bindigar Garrett ta tsira ne domin salsalarta ba ta yanke ba. Ya ƙwace ta daga hannun Billy Wilson, abokin Billy the Kid, lokacin da ya kama su a ƙarshen 1880. Daga baya ta zauna wurin Tom Powers, mai wata mashaya a El Paso. Bayan an kashe Garrett a 1908, matarsa ta kai ƙara kotu a shekarun 1930 ta karɓo ta. Shari'ar ta bar takardu, takardun kuma suka zama hujja. Irin wannan bincike ke kai mutum rumbun kotuna, tsofaffin jaridu, takardun rabon gado da rasit na masu karɓar jingina.

Dole ne a yi wannan taka-tsantsan, domin labarin ƙarya ya girmi sana'ar. Ana ba da labarin cewa Masterson da kansa, bayan ya koma New York ya zama marubucin wasanni a jarida, ya taɓa sayen tsohuwar bindiga a shagon jingina, ya yanka tsage a mariƙinta, ya ba wani mai naci a matsayin wadda ya yi aiki da ita. Littafin da Stuart Lake ya wallafa a 1931 a kan ɗan doka Wyatt Earp ya yaɗa labarin wata libarba mai dogon bututu da ake kira Buntline Special. Masu bincike suka bi littattafan Colt ba su samu abin da ya tabbatar da labarin ba. Gani ya kori ji, kuma gwani na gaske yakan bar bindigar da ransa ke so idan hujjarta ta gaza.

Akwai kuma haƙurin barin abu yadda yake. Sabon shiga yakan so ya goge ƙarfe ya yi ƙyalli, alhali gogewa na cinye bakin zane, ta dusashe haruffa, ta zubar da rabin daraja. Gwani ɗan mai kaɗan yake shafawa, ya nisanta ta da danshi, ba ya ajiye ta cikin kuben fata.

Waɗannan makamai sun zubar da jini, a zamanin da ake ƙwace ƙasa daga 'yan asalin Amurka, kuma wasu masu riƙe da su ba tsarkaka ba ne. Abin da ya sa nake girmama masu wannan sana'a shi ne sun ƙi yarda fim da tatsuniya su rubuta tarihin wancan zamani su kaɗai. Da yawan abin da ke Gidan Tarihi na Autry a Los Angeles da na Cody a Wyoming ta hannun irinsu ya bi. Kowace bindiga da suka tantance takan isa ga magajinta da fayil ɗin hujjoji, wanda ɗalibin tarihi zai iya buɗewa ya sake binciken da kansa.