Gwanar Cefane a Kasuwar Kure

Mata biyu za su shiga Kasuwar Kure da kuɗi daidai wa daida, ɗaya ta fito da leda biyu a hannu, ɗaya kuwa ɗan baro na biye da ita. Ta biyun ta san aikinta ne. Cefane ilimi ne, ko da yake ba a ba da takardar shaidarsa, kuma a wannan babbar kasuwa ta Minna mai ɗauke da sunan Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan Neja daga 1999 zuwa 2007, akwai matan da suka ƙware a kai har abin ya kan burge mai kallo.

Darajar wannan ilimi ta ƙara fitowa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane mudu. A Fabrairun 2024 mata da matasa suka tare hanya a Kpakungu suna kukan tsadar abinci. Albashi bai motsa yadda farashi ya motsa ba, sai dabarar uwargida ta zama ita ke riƙe da tukunya.

Gwanar cefane da lokaci take fara ciniki. Ta san da kaka hatsi ke sauka, don haka a nan take sayen masara, dawa da wake na watanni. Waken ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta ɗura a jarka ta toshe bakin, ƙwaro ya rasa iska. Da rani, lokacin da tumatirin fadama ya cika kasuwa, kwando take saye, ta yanka ta shanya kauɗa, haka ma tattasai da kuɓewa. Idan damina ta kankama, kashin tumatir ya koma 'ya'ya huɗu ko biyar, miyarta ba ta san an yi ba.

Ta kuma san arzikin jiharta. Doyar Paiko da Gwada da Kuta a kusa take, shinkafar ƙasar Bida ma haka. Maimakon 'yar waje, 'yar gida take auna, ta zauna ta tsince tsakuwa, rarar kuɗin ta tafi ga manja da kifi. Idan buhu ko ƙwaryar doya, wato guda ɗari, ta fi ƙarfin aljihunta, sai su haɗa kuɗi da maƙwabta su sara su raba, kamar yadda ake watandar nama da salla. Ribar da mai ƙaramin tebur zai ɗora ta dawo gidansu ke nan.

A tsaya kusa da ita a rumfar mai wake a ga aiki. Ba ta taɓa saye a bakin ƙofa. Sai ta kutsa ciki ta ji farashi wuri uku. Ta ɗebi wake a tafin hannu, ta duba ko akwai huji, ta ciza ɗaya ta ji bushewarsa. Sannan ta ɗaga mudun ta dubi gindinsa, domin mudun da aka buga ya lotsa yana cin hakkin mai saye a ɓoye.

"Malam, nawa mudu?"

Ya faɗa. Ta taya.

"Albarka, Hajiya. Ko sarinsa bai kai ba."

"To faɗi gaskiya, biyar zan auna."

Ya ɗan rage, ta ɗan ƙara, ya ce ya sallama. Idanunta na kan awon har ya yi tozo, a ƙarshe ta ce, "Ina gyarata?" Ya ƙara mata hannu guda yana murmushi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta wulaƙanta kayan mutum don a rage mata, ba ta kuma taya abin da ta san zai karya mai shi. Shi ya sa take da kwastoma a kowane layi, mai ware mata mai kyau, mai raɗa mata cewa manja zai tashi mako mai zuwa. Ta kuma yarda araha ba ta ado: doya mai tabo ko shinkafar da ba ta auki asara ce komai sauƙinta.

Tun daga gida ta rubuta abin da ya ƙare, ta ware kuɗin keke da na dako, don haka kwalliyar kaya ba ta jan ta. Ladan wannan tattali a ƙarshen wata yake bayyana, ranar da yara suka ci suka ƙoshi ba tare da an buɗe littafin bashi a shagon unguwa ba. Duk mai irin wannan mata a gida ya yaba mata a gaban 'ya'yanta, ya kuma bar su, maza da mata, su riƙa bin ta kasuwa su koya.